An cire mana kuɗin ruwan sha daga kuɗin wasa

Mai Piyano, Kaduna:
Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi gaban manya. An kira mu wasa a wani wurin shaƙatawa a Abuja, irin lambunan nan da ake gasa kifi, jama'a na zaune har dare ya raba. Mu biyar ne a kan dandamali: ni a piyano, mai jita, mai ganga da mawaƙa biyu, sai yaronmu mai ɗaukar sifika. An yi jinga a kan naira dubu 150, aka ba mu dubu 50 kafin alƙalami, da ita muka sha mai daga Kaduna. Mun fara bayan isha'i, ba mu sauka ba sai ƙarfe ɗaya da rabi.

A tsakani wata ma'aikaciyar wurin tana ta zuwa tana tambayar me za a kawo mana. Mu kuwa muka ɗauka karamcin masu gida ne. Ruwan roba goma muka sha da Maltina shida, ko tsire ɗaya ba wanda ya ci. Da aka zo sallama sai manaja ya zaro takarda ya ce ana bin mu dubu 19, ruwa dubu ɗaiɗai, Maltina dubu ɗaya da ɗari biyar. Ya cire abinsa ya miƙo mini dubu 81, kuma a gaban yarana aka yi lissafin nan. Har muka iso Kaduna ba wanda ya yi magana a mota.

Don Allah ina tambaya, a wuraren da kuke wasa, otal ne, ɗakin biki ne, lambu ne, ana ba makaɗa abin sha kyauta, ko dama haka ake yi ni ne ban sani ba?

Mai Jita, Jos:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, an cuce ku. Mu nan inda nake wasa duk daren Juma'a, kowane makaɗi yana da kwalba biyu da ruwa iya shansa. In ka wuce biyu aljihunka ne. Amma tun ranar farko aka gaya mana haka.

Ɗan Amshi:
Ni shekarata takwas ina bin mawaƙa, ban taɓa ganin wurare biyu da tsarinsu ya zo ɗaya ba. Wani wurin a cika muku tebur har ku yi guzuri, wani wurin ko ruwan leda sai ka fita waje ka saya.

Manajan Ɗakin Taro, Kano:
Malam Mai Piyano, ban ji daɗin abin da aka yi muku ba, kuma da a wurina ne ba za a yi haka ba. Amma tun da an kawo magana, ku bari in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu, don kullum mu ake mayarwa azzalumai.

Mai lambu ko mai otal da ya kira makaɗa, ba kuɗin ƙofa yake karɓa ba. Jama'a kyauta suke shiga. Duk abin da zai biya ku daga firji yake fitowa, daga ribar kwalaben nan da kifin nan. Ruwan da kuka ga an sa dubu ɗaya, a cikinsa akwai man janareta na awa shida, akwai hayar fili, akwai albashin yarinyar da ta kawo shi. Kuma kowace kwalba a ƙirge take. In an rufe aka ga babu goma sha shida, kuma babu takardarsu, daga albashin ma'aikaciyar za a cire.

Sai abu na biyu, wanda makaɗa ba sa son a taɓo. An ce mutum biyar za su zo, sai ka ga mota biyu. Ga abokin mawaƙi, ga ƙaninsa, ga mai ɗaukar hoto, ga wasu uku da ba a san aikinsu ba, kowa ya je kanta ya ce "mu ne masu waƙa". Na taɓa ƙirga mutum goma sha huɗu a bayan mawaƙi ɗaya. Daga ranar na daina cewa a sha kyauta babu iyaka.

Mai Piyano, Kaduna:
Ranka ya daɗe na ji, kuma maganar 'yan rakiya gaskiya ce, na sha gani. Amma mu shida muka je, shida muka dawo. Kuma wa ya zaunar da jama'ar har ƙarfe ɗaya suna sayen kwalaben? Da muka tafi hutu na minti ashirin, tebur uku ne suka tashi.

Manajan Ɗakin Taro, Kano:
Shi ya sa aka biya ku dubu 150.

Mai Jita, Jos:
Dubu 131 aka biya su, oga.

Baba Mai Kalangu, Zariya:
Jikana ne yake karanta mini, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Ku yi haƙuri da tsawon maganar tsoho.

Yaro, abin da aka yi maka, a zamaninmu abin kunya ne da za a daɗe ana yi wa mai gida gori a kansa. Ni a wajen mahaifina na gaji kalangu. Kun san kalangu kiɗan mahauta ne, to mu gidanmu ba a sayen nama. Ranar kasuwa in muka zagaya rumfunan fawa muna kiɗa, kowane mahauci sai ya yanko ya jefa a ƙwarya, kuma wannan daban yake da kuɗin da zai ba da. In gayya ce aka kira makaɗan noma, furar da za a kai wa masu garma ita za a kai wa mai ganga, har ma a fara miƙa masa don shi maƙogwaronsa da hannunsa ba sa hutawa. In biki ne a wani gari, kafin a ce ka taɓa kiɗa sai an kai ka masauki, an kawo ruwan wanka, an kawo akushi, an kawo goro. Sai ka ci ka huta sannan a aiko a ce ana jira. Makaɗan fada kuwa ba a magana, ci da sha da sutura duk suna wuyan ubangida, har doki da gona ana bayarwa.

Dalili shi ne makaɗin da ka kira gidanka baƙonka ne. Kai ka aika ya zo. Ban taɓa jin inda Bahaushe ya ba baƙo ruwa ya ce kawo kuɗi ba. Ruwa ma shi ne farkon abin da ake tarar baƙo da shi kafin gaisuwa ta yi nisa.

Amma Malam Manaja, ka faɗi gaskiya ɗaya. Mu ma a da ana fama da masu bin makaɗa don ci. Sai dai shugaban makaɗa shi yake da alhakin mutanensa. Mahaifina yakan gaya wa mai biki tun a ƙofa: mu bakwai ne, waɗancan ukun ba nawa ba ne. In an ga dama a ba su sadaka, in ba a ga dama ba shi ke nan. Yau yara suna jin nauyin faɗin haka, suna ganin yawan jama'a a baya shi ne girma.

Mai Piyano, Kaduna:
Allah ya ƙara lafiya Baba, Allah ya ja da kwana. Wallahi maganar baƙon nan ita ce abin da na kasa furtawa a daren.

Hajiya Mai Girkin Biki:
Ni ta ɓangaren biki zan yi magana, don nan na sani. Uwar amarya takan zo ta ce Hajiya faranti ɗari uku nake so. Ɗari ukun nan na baƙinta ne. Ba ta lissafa mai waƙa ba, ba ta lissafa mai hoto ba, ba ta lissafa masu kwalliyar ɗaki da suka kwana suna hawa tsani ba. Ran dina sai ka ga yaran nan suna tsaye a bayan sifika suna kallon faranti na wucewa. Ni uwa ce, ba na iya gani. Kullum ina ƙara faranti goma daga ribata. Yanzu kuma na koyi tambaya tun ranar ciniki: Hajiya, ma'aikata nawa za su zo? Wasu su ce a ƙara, wasu su ce ai an biya su. Masu cewa an biya su ɗin nan, sau da yawa su ne masu kashe miliyoyi a kan furanni.

Ɗan Damagaram, daga Faransa:
Salamu alaikum jama'a, Baba ina gaisuwa. Ni ina kaɗa ganga da wasu 'yan'uwa masu jita, mun yi wasa a Faransa da Jamus da Beljiyam, bari in ba ku yadda yake a nan.

Manyan wurare da bukukuwan kiɗa, komai a rubuce yake. Bayan kwantiragi akwai wata takarda da ake haɗawa da ita, inda makaɗa suke jera abin da suke buƙata: makirfo nawa, sifika nawa a gabansu, sai kuma ci da sha. Mu namu kullum iri ɗaya ne: ruwa marar sanyi, abinci mai zafi bayan gwajin sauti, babu naman alade, da sukari da ganyen shayi. Akwai ɗaki a bayan dandamali inda ake ajiye komai kafin ku iso. Ba a cire ko sisi daga kuɗin wasa. Dokar Faransa ma ta ɗauki makaɗi a matsayin ma'aikaci, dole a rubuta kowane wasa ga hukuma, kuma wanda ya tara awa 507 cikin wata 12 yana samun kuɗin tallafi a kwanakin da babu aiki.

Ƙananan mashaya kuwa labarin daban ne. Kana shiga za a miƙo maka tikiti biyu ko uku, kowane ɗaya kofi ɗaya ne a kanta. Yawanci giya suke nufi. Mu da ba ma sha sai mu karɓi lemo ko ruwan 'ya'yan itace, ba su hanawa. Inda matsala take shi ne wasu masu mashaya suna son tikitin nan ya zama shi ne ladan gaba ɗaya. A ce maka ka zo ka yi wasa, za ka ci ka sha, in an gama a zagaya da hula, abin da jama'a suka jefa naka ne. Na taɓa yin awa uku a wani ƙaramin wuri, abin da ke cikin hular bai kai kuɗin jirgin ƙasan komawa gida ba. Mai wurin ya ce ai na ba ku abin sha. Kwalbar da ya sayo da araha yake ƙirga mana a farashin da yake sayarwa, ya kira shi biya.

Kuma na ga abin da hakan yake yi wa makaɗan nan Turawa. Mutum yana wasa dare huɗu a mako, kowane dare ana tura masa kofi kyauta, mai kallo ma in ya ji daɗi sai ya saya masa wani. Na san masu hannu na gaske da abin ya ci su. Saboda haka ni ina goyon bayan Baba a kan ruwa da abinci. Amma ku yi hattara da wurin da yake yawaita kyautar kwalba yana rage kuɗi.

Malamin Islamiyya:
Ina bin maganar nan tun safe, kuma ba zan yi shiru ba, don nasiha wajibi ce. Mai Piyano ɗana, lambunan Abuja da ka ambata, mun san abin da ake sayarwa a yawancinsu. Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. In kiɗanka ne yake zaunar da mutane su ƙara saye, kamar yadda ka faɗa da bakinka, to ka duba me suke ƙara saye. Kafin ka nemi a ba ka ruwa kyauta, ka tambayi kanka ko wurin ya dace da kai.

Wannan bai wanke manajan ba. Hadisi ya zo cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma abin da aka yi jinga a kansa shi ne ladan. Cire wani abu da ba a ambata ba lokacin ciniki cin haƙƙi ne, ko a ina aka yi shi.

Mai Piyano, Kaduna:
Allah ya saka da alheri Malam, na karɓi nasiha kuma ba zan yi musu ba. Abin yana damuna ni ma. Ina da 'ya'ya uku, kuma biki ba kullum ake samu ba. Daga azumi zuwa bayan sallah kusan babu aiki, damina ma haka. Wuraren nan su ne suke kira duk mako. Ban taɓa kai giya bakina ba, yarana ma na kafa musu sharaɗi. Ku sa ni a addu'a Allah ya buɗa wata ƙofar.

Mai Jita, Jos:
Malam, da girmamawa, a Kano tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000 ɗakunan biki na cikin gari ba sa sayar da giya, amma ga Hajiya nan ta shaida ana barin makaɗa da ƙishirwa a cikinsu. Rowar nan ba ta san mashaya ko ɗakin biki ba.

Malamin Islamiyya:
Haka ne, kuma wanda ya yi a ɗakin biki ya fi ban mamaki, tun da shi walima yake yi.

Zabiya, Katsina:
Ni kam ko an ba ni ba na sha. Shekara ashirin ina waƙa a wajen kamu da wuni da suna, da fulas ɗina nake zuwa: ruwan ɗumi da citta da kanumfari da zuma. Lemon kwalba mai sanyi a tsakiyar waƙa kashe murya yake, 'yan amshina ma na hana su sai an tashi. Sannan akwai abin da uwar ɗakina ta gaya mini tun ina yarinya a bayanta: kada ki sha abin da ba a gabanki aka buɗe shi ba. Sana'ar nan akwai hassada, kuma mace a taron dare dole ta kula da kofinta. Ƙannena mata da ke cikin nan, ku riƙe wannan.

Amma duk da ba na sha, ina lura da gidan da aka kawo da gidan da ba a kawo ba. Gidan da uwar biki ta taso da kanta ta ce "Hajiya an kawo muku ruwa kuwa?", wallahi waƙar da nake yi mata daban ce. Ba da gangan nake yi ba, zuciya ce take sakewa, baitin ya zo da kansa. 'Yan amshina kuma su shida ne, wasu daga gida ba su karya ba suke fitowa. In ba a ba su ba, daga kuɗina nake saya musu a hanya.

Manajan Ɗakin Taro, Kano:
Hajiya, ku da ake yi wa liƙi? Wani daren abin da kuke sharewa a ƙasa ya fi kuɗin hayar ɗakin.

Zabiya, Katsina:
Alhaji wannan da ne. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 liƙi bai koma yadda yake ba. Ga kuma dokar Babban Banki ta 2007 da ta hana watsa naira da taka ta, aƙalla wata shida a gidan yari ko tarar aƙalla dubu 50, wadda aka tsananta aiki da ita a 2024 aka yi ta kama mutane. Yanzu manya tsoron kyamara suke. Sai a ce kawo lambar asusu za a tura, rabinsu ba sa turawa. Kuma ko da ana liƙi, baƙi ne suke yi, ba mai ɗakin ba.

Ɗan Amshi:
Liƙin ma ba ya zuwa hannun irinmu sai abin da maigida ya ga dama. Ruwan nan da farantin nan, wani lokaci su kaɗai ne abin da ɗan amshi yake da tabbacin samu a daren.

Manajan Ɗakin Taro, Kano:
To na ji. Ga abin da ni zan iya ɗauka, kuma zan fara daga bikin Asabar mai zuwa: katan ɗin ruwa a gefen dandamali kafin a fara, kwalba biyu ga kowane mutum, faranti ɗaya. Sharaɗina shi ne shugaban makaɗa ya turo mini adadin mutanensa tun ana gobe. Wanda ba ya cikin lissafi ya sayi nasa. Malam Mai Piyano, shawarata ka kira manajan lambun nan cikin lalama. Mai yiwuwa ma'aikaciyar ce ba a gaya mata ku wane ne ba, ta buɗe muku takarda kamar kowane tebur.

Ɗan Damagaram, daga Faransa:
Kuma ka rubuta masa a waya, kada ku tsaya a baki. Saƙo ɗaya ya isa: kuɗi kaza, mutum kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ruwa da abinci a kan wa. Ya amsa da "na yarda". Takardar Turawan nan da na faɗa, iyakarta ke nan.

Baba Mai Kalangu, Zariya:
A gaya wa Manaja Allah ya yi albarka. A kuma gaya wa yaron nan in zai kira, ya fara da gaisuwa da godiya a kan aikin da aka ba shi, sannan ya kawo kuka.

Mai Piyano, Kaduna:
Na dawo da labari. Na kira shi bayan la'asar, na yi yadda Baba ya ce. Da farko ya ce tsarin wurin ke nan, kowa yana biya. Na ce masa ranka ya daɗe, da an gaya mana tun farko da mun shigo da ruwanmu daga mota. Ya yi shiru, sannan ya ce zai mayar da dubu goma na ruwa, Maltina kuwa mun sha. Ya turo kuɗin yanzun nan, na raba wa yara.

Ya kuma ce yana son mu dawo Asabar ta sama, wai jama'a sun tambaye mu. Malam, ban manta da maganarka ba, na gaya masa wannan zan yi saboda na riga na yi wa yara alkawarin aiki, bayan shi sai na yi shawara. Na tura masa saƙo kamar yadda ɗan'uwa na Faransa ya tsara. Ya amsa cewa ruwa kyauta ne iya sha, kwalba ɗaya da faranti ɗaya ga mutum biyar da ke kan dandamali.

Hajiya Mai Girkin Biki:
Biyar? Ina yaron sifika?

Mai Piyano, Kaduna:
Abin da na tambaye shi ke nan Hajiya. Ya ce shi makaɗa ya kira. Yaron nan shi yake fara sauka daga mota, shi yake ɗora sifika huɗu a ka, shi yake naɗe waya bayan kowa ya zauna. Shekararsa goma sha tara. Na rubuta masa cewa mu shida ne, in babu farantin na shida a bar sauran biyar ɗin ma, za mu zo da abincinmu. Ya karanta tun ƙarfe shida, har yanzu bai ba da amsa ba.